Gado ko Kiwo? Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Dabba ke Ɗauka daga Iyayenta da Abin da Take Samu daga Baya

A kara, idan dillali yana yabon dabba, kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce "iri". Wannan iri ne mai kyau, waccan irin masu tagwaye ce. Wani lokaci gaskiya yake faɗa. Wani lokaci kuma abin da yake nunawa dusa ce da harawa, ba abin da zai bi 'ya'ya ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kiwo da ɗalibai suka fi yi kan wannan batu.

Mene ne bambancin siffar gado da wadda dabba ta samu daga baya?

Siffar gado ita ce wadda take rubuce a cikin ƙwayoyin gadon da dabba ta karɓa daga uwa da uba tun ranar da aka ɗauki cikinta. Rabin jikin tunkiya Uda baƙi ko ja, rabi fari; dogayen ƙahonin Rahaji; ƙaton ƙahon shanun Kuri na tafkin Chadi; baƙin da ke kewaye idon 'Yankasa; gashin wasu kaji da ke murɗewa baya. Duk waɗannan ba wanda ya koya wa dabba, ba kuma abinci ne ya kawo su ba.

Wadda aka samu daga baya ita ce abin da rayuwa ta yi wa dabba: tabon lalas, tsagar kunne, karayar ƙafa, ƙibar turke, ramar rani, sabo da muryar mai ita, iya jan garma.

Misali mafi sauƙi yana cikin ƙwan kaza. Launin ɓawo, fari ko ruwan ƙasa, na gado ne, duk abin da ka ba kazar ba zai sauya shi ba. Launin gwaiduwa kuwa na abinci ne. Kazar da ke cin jar masara da ɗanyen ganye gwaiduwarta za ta yi ja sosai, wadda ke cin farar dawa kaɗai tata za ta yi fari-fari.

Ta wace hanya gadon yake wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya?

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin dabba akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, kuma a jikinsu DNA yake, wato sinadarin da ƙwayoyin gado ke rubuce a cikinsa. Suna zuwa ne bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saniya tana da 60, akuya 60, tunkiya 54, raƙumi 74, kare da kaza 78 kowannensu. Maniyyin namiji yana ɗauke da rabin nasa, ƙwan mace yana ɗauke da rabin nata, idan suka haɗu lissafi ya cika.

Alfadari ya nuna muhimmancin wannan lissafin. Goɗiya tana da 64, jaki yana da 62, ɗansu ya tashi da 63. Zarurrukan doki da na jaki ba sa daidaituwa bibbiyu yadda ake buƙata wajen yin maniyyi ko ƙwai, shi ya sa alfadari, duk ƙarfinsa da juriyarsa, ba ya haihuwa sai a wasu lokuta da ba kasafai ba.

Abin riƙewa a nan shi ne, hanyar gado ɗaya ce tak: maniyyi da ƙwai. Abin da ya samu fata, ko tsoka, ko ƙaho, bai da hanyar komawa ya sake rubuta abin da ke cikinsu.

Idan ana yanke wa dabbobi ƙaho ko wutsiya shekara da shekaru, ba za su fara haifar marasa shi ba?

A'a. Amma wanda ya yi wannan zato ba shi kaɗai ba ne, manyan masana sun yi shi. A 1809 Bafaranshen nan Jean-Baptiste Lamarck ya rubuta cewa gaɓar da dabba ke yawan amfani da ita tana ƙaruwa, wadda ta bari tana raguwa, kuma 'ya'ya suna gadon sauyin. Da haka ya bayyana dogon wuyan raƙumin dawa: kakanninsa sun yi ta miƙa wuya don cin ganyen sama. A ƙarshen shekarun 1880 wani Bajamushe, August Weismann, ya ɗauki ɓeraye ya yanke musu wutsiya, ya bar su suka hayayyafa, ya yanke ta 'ya'yan, haka har zuri'a biyar. An haifi ɓeraye 901, babu ko ɗaya da ya zo ba wutsiya, babu ma wanda tasa ta gajarce.

Makiyayi bai buƙaci ɓeraye ba kafin ya san wannan. Gidaje da yawa sun daɗe suna tsaga kunnen shanunsu da shaida iri ɗaya tun kaka da kakanni, kuma har yau kowane maraƙi da lafiyayyen kunne yake faɗowa, sai an sake tsagawa.

Akwai dai shanu da awaki da ake haifa ba ƙaho, amma wannan daga ƙwayar gado ce, ba daga yanka ba. Ga masu awaki akwai gargaɗi: idan aka haɗa bunsuru marar ƙaho da akuya marar ƙaho, wasu daga cikin 'ya'yan kan fito mata-maza, ba sa haihuwa. Gara ɗaya daga cikin iyayen ya kasance mai ƙaho.

Na sayi ƙaton ragon turke don ya ba ni manyan 'ya'ya, amma sun fito ƙanana. Me ya faru?

Abin da ka saya kitse ne da nama, su kuwa ba sa bin maniyyi. Ragon da aka ɗaure wata huɗu ko biyar ana ɗura masa dusa da kowa da harawa da ƙuli zai cika ido ko da asalinsa ƙaramin iri ne. Abin da zai ba 'ya'yansa shi ne tsarin da aka haife shi da shi: tsawon ƙashi, faɗin ƙirji, saurin girma, yadda jikinsa ke mayar da abinci nama. Balami da ya rame saboda rani zai haifi 'ya'ya masu tsayi, ƙaramin rago da ya sha turke zai haifi ƙanana.

Don haka idan uban garke kake nema, kada ka gwada ragon turke da ragon da ke bin daji. Gwada tsara da tsara, waɗanda suka ci abinci ɗaya suka sha wahala ɗaya. Wanda ya fi sauran girma a cikinsu, shi ne mai yiwuwa fifikonsa na gado ne. Dubi ƙashi da tsayi, ka tambayi uwarsa: tana tagwaye? Tana da nono? 'Ya'yanta suna rayuwa?

A nan ne, a ganina, masu ƙananan garke suke yi wa kansu babbar asara ba tare da sun lura ba. Babbar sallah na matsowa, rago mafi kyau shi ake ware wa turke, don shi zai yi kuɗi. Bunsuru mafi girma shi ake kai kasuwa idan buƙata ta taso. Wa ya rage yana barbara? Ɗan tsurut ɗin da ba wanda ya taya. Shekara biyar, shekara goma ana haka, sai a wayi gari ana cewa dabbobin yanzu ba su da girman na da, a ɗora laifin kan ƙarancin makiyaya. Ƙarancin makiyaya gaskiya ne, amma wannan ma zaɓen iri ne aka yi, sai dai an yi shi a juye. Wanda ya iya daurewa ya bar namiji mafi kyau ya yi barbara ko da kaka ɗaya ce kafin a sayar da shi, zai ga bambanci a 'ya'yan.

Duk abin da aka haifi dabba da shi gado ne?

Ba duka ba, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Dabba tana fara samun abubuwa tun tana ciki.

Idan saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, kusan tara cikin goma na irin waɗannan matan juya suke zama. Dalili shi ne jijiyoyin jinin mahaifarsu sukan haɗe, sinadaran namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta ginuwa. Da haka aka haife ta, amma ba ƙwayar gado ce ta jawo ba, zaman ciki ɗaya ne. A tumaki da awaki abin ba ya yawan faruwa.

Cutar bakkale, mai sa shanu ɓari, tana iya wucewa daga uwa zuwa maraƙi a ciki ko ta nono. Ganin tana bin gida ɗaya sai a ce ta gado ce, alhali ƙwayar cuta ce ake ɗauka, kuma mutum ma yana ɗaukarta ta ɗanyar madara. Haka uwar da ta sha yunwa da ciki takan haifi ɗa ƙarami mai rauni, ko da irinta mai kyau ne. A wajen kada kuwa, zafin ramin da aka binne ƙwai shi ke yanke ko mace za a ƙyanƙyashe ko namiji.

To juriyar cuta fa?

Iri biyu ce. Shanun Ndama na yammacin Afirka da ƙananan shanun Muturu na kudancin Najeriya suna rayuwa a inda ƙudan tsando ya yi yawa, sammore ba ya kayar da su yadda yake kayar da Bunaji ko Bokoloji. Wannan gado ne, ya ginu cikin dubban shekarun da kakanninsu suka yi a wuraren, masu rauni suna mutuwa, masu juriya suna haihuwa.

Kariyar da allurar rigakafi ke bayarwa kuwa ta wadda aka yi wa ce. Sai dai uwa tana ara wa ɗanta tata ta hanyar dakashi, wato nonon farko mai kauri. Maraƙi yana faɗowa ne kusan ba shi da garkuwa, kuma hanjinsa yana iya tsotse sinadaran kariya daga dakashi ne a cikin yinin farko kawai, mafi kyau a awanni shida na farko. Bayan 'yan watanni aron ya ƙare, dole a yi masa tasa allurar.

Iyaye duka baƙaƙe, sai ga maraƙi ja. Wani bijimin ne ya shigo?

Ba lallai ba. Tunda kowace ƙwayar gado bibbiyu take, ɗaya tana iya danne ɗaya. A shanun Turai irin su Holstein da Angus, baƙi yana danne ja. Bijimi baƙi da saniya baƙa kowannensu zai iya ɓoye ƙwayar ja da ya gada daga kakanni, idan biyun suka haɗu a maraƙi sai ya fito ja. A irin wannan haɗin, cikin haihuwa huɗu ana sa ran ɗaya ja, idan an ƙirga da yawa. Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno, shi ya fara gano wannan lissafi da shukar wake irin na Turai, ya wallafa a 1866, amma duniya ba ta waiwaye shi ba sai 1900.

Akwai kuma tsohon zaton cewa namijin farko da ya hau mace yana barin alama a 'ya'yan da za ta haifa wa wasu mazan daga baya. Turawan Ingila sun daɗe da yarda da shi, musamman bayan labarin goɗiyar Lord Morton a wajen 1820, wadda aka fara haɗa ta da wani irin jakin dawa, daga baya ta haifa wa doki 'ya'ya masu zane a ƙafa. A shekarun 1890 James Cossar Ewart ya maimaita gwajin a Sukotlan da jakin dawa da goɗiyoyi, bai ga wata alama ba. Akuyar da wani lalataccen bunsuru ya taɓa hawa ba ta ɓaci ba, cikin nan kaɗai ya shafa.

Yawan madara iri ne ko abinci?

Duka biyun, kuma ba a raba su. Iri shi ke sa iyaka, kiwo shi ke nuna ko za a kai iyakar, kamar dai irin gero mai kyau da aka shuka a gonar da ba taki. Masana sun auna cewa a cikin bambancin madarar da ake gani tsakanin shanu iri ɗaya, kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ne ke komawa ga gado, sauran abinci ne, da ruwa, da lafiya, da zafi, da hannun mai tatsa. Saurin ɗaukar ciki ma gadonsa bai kai haka ba, yawanci ƙasa da kashi 10. Saniyar da ke daɗewa ba ta ɗauka ba, a fara duba abincinta da lafiyarta kafin a zargi irinta.

Holstein tana ba da lita 25 zuwa 30 ko fiye a rana a ƙasashen sanyi. Kawo ta Sakkwato a watan Afrilu, ka sake ta cikin kaska da busasshiyar ciyawa, ba madarar kaɗai za ta tafi ba, ita kanta saniyar da wuya ta kai labari. Wannan ne ya sa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana haɗa Friesian, 'yar uwar Holstein, da Bunaji, don a samu madarar wancan da juriyar wannan. A Nijar kuma tashar Tukunus ta bi wata hanyar, wato tace shanun Azawak daga cikinsu, kamar yadda cibiyar awaki ta Maraɗi ke yi da jar akuya. Ko ruwa-biyun ma sai da abinci. Wanda ba shi da halin ciyarwa da rani, saniyar gida mai kyau ta fi masa.

Ɗabi'a ma ana gadonta? Na sa wa kaza ƙwan agwagwa, 'ya'yan suna binta amma sun faɗa ruwa.

Ka ga duka biyun a wuri ɗaya. Shiga ruwa da iyo gado ne, ba sa jiran a koya musu, kazar tana bakin ruwa tana ƙyarƙyara su kuwa ko a jikinsu. Bin kazar kuma koyo ne. 'Yan tsakin agwagwa da na dinya suna ɗaukar abu mai motsi na farko da suka gani bayan ƙyanƙyasa a matsayin uwa. Konrad Lorenz na Ostiriya ya shahara da wannan, 'ya'yan dinya suka riƙa binsa a baya duk inda ya nufa, kuma yana cikin mutum uku da suka raba kyautar Nobel a 1973. Haka 'yan zabin da kaza ta ƙyanƙyashe: za su bi ta, su ɗan saba da gida, amma kukansu da firgicinsu da son yawon daji na zabi ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yawancin ɗabi'u a tsakiya suke. Namijin kabare da aka raina shi kaɗai, bai taɓa ganin sheƙa ba, idan ya samu ɗanyar ciyawa zai fara saƙa. Amma saƙarsa ta farko sakwarkwace take, sai ya yi ta yi kafin ta yi kyan da mace za ta yarda ta shiga. Aku ya gaji iya kwaikwayon sauti, amma ko Hausa zai yi ko Larabci, wannan ya danganta da gidan da ya tashi.

Dabbobi suna koya wa junansu abin da zai daɗe a cikinsu?

Suna yi. A 1953, a tsibirin Koshima na Japan, an ga wata 'yar biri da masu bincike suka sa wa suna Imo tana wanke dankali a ruwa kafin ta ci. Tsararrakinta da uwarta suka ɗauka, daga baya 'ya'yan da aka haifa suka tashi suka tarar ana yi. A 1960 Jane Goodall ta ga birai chimfanzi a dajin Gombe (na Tanzaniya, ba namu ba) suna zura tsinke a suri suna zaro gara. 'Yan uwansu na dajin Tai a Kodebuwa kuma suna fasa ƙwallon 'ya'yan itace da dutse, sana'ar da ƙanana ke shafe shekaru suna kallon iyayensu mata kafin su iya. A Ingila, tun 1921 aka fara ganin wasu ƙananan tsuntsaye suna huda murfin kwalaben madara da ake ajiyewa a ƙofar gidaje, dabarar ta bazu gari-gari.

Wannan yana wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya, amma ta ido da kunne. Raba ɗan da garken tun yana jariri, ya tafi ba shi da ita. Shanun da suka san burtali da mashaya ma haka ne, ƙanana suna bin manya.

Idan na hori sa ya iya huɗa, ko kare ya iya farauta, 'ya'yansa za su zo da iyawar?

Horon ba ya wucewa, kowane ɗa sai an fara da shi daga farko. Abin da ke wucewa shi ne halin da ya sa horon ya yi sauƙi: sanyin rai, rashin firgita, ƙarfin hanci, son bin abin da ke gudu. Shi ya sa mafarauta ke neman ɗan karya mai kamu, kuma suna da gaskiya.

Gwajin da ya fi nuna haka shi ne wanda Dmitri Belyaev ya fara a 1959 a Novosibirsk ta Rasha, da irin yanyawar da ake kiwo don fatarta. Bai hore su ba. A kowace haihuwa yana zaɓar waɗanda ba su cika tsoron mutum ko cizo ba, su kaɗai yake bari su hayayyafa. Cikin 'yan zuri'o'i aka samu masu kaɗa wutsiya suna neman a shafa su kamar karnuka. Saniya mai harbi ko bijimi mai tunkuyi, a yi tunani kafin a bar irinsu ya yaɗu.

An ce sabon bincike ya nuna abin da iyaye suka fuskanta yana iya bin 'ya'ya. Ashe Lamarck yana da gaskiya?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma ana zuzuta shi fiye da kima. A jikin DNA akwai wasu alamomi da ke kunna ƙwayar gado ko su kashe ta ba tare da sun sauya rubutun ba, kuma abinci da wahala suna iya taɓa su. Sarauniyar zuma da ma'aikaciya daga ƙwai iri ɗaya suke fitowa, abincin da aka ba tsutsar ne ke sa ɗaya ta zama mai yin ƙwai ta shekara da shekaru, ɗaya kuma ta yi 'yan makonni tana aiki ta mutu. A 2013 masu bincike a Jami'ar Emory ta Amurka sun ba da rahoton cewa ɓerayen da aka koya wa tsoron wani ƙamshi sun haifi 'ya'ya da jikoki masu saurin jin wannan ƙamshin. Masana na ta muhawara kan sakamakon. A dabbobi masu shayarwa, yawancin alamomin ana goge su lokacin da ake yin maniyyi da ƙwai, a sake gogewa bayan ɗaukar ciki. Babu mai kiwon da zai gina garke a kan wannan.

Idan dabbobi biyu suna da ƙwayoyin gado iri ɗaya sak, za su zama ɗaya a komai?

A'a. A 2001 aka kwafi wata kyanwa a Texas ta Amurka, wato aka samar da wata mai ƙwayoyin gado iri ɗaya da nata, aka sa wa kwafin suna CC. Wadda aka kwafo daga jikinta tana da launi uku har da ruwan lemo, ita kuwa CC ta fito ba ruwan lemon ko ɗigo.

Shekara nawa ya kamata namiji ɗaya ya yi yana barbara a garke?

Har zuwa lokacin da 'ya'yansa mata za su isa ɗaukar ciki. A awaki da tumaki wannan yana zuwa da wuri, sau da yawa kafin su cika shekara, don haka bunsuru ko rago bai kamata ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu a garke ɗaya ba. Bijimi yana iya kaiwa uku. Idan uba ya hau 'yarsa, ko wa ya hau ƙanwarsa, munanan ƙwayoyin da kowannensu ke ɓoye suna samun damar haɗuwa, sai a fara ganin 'ya'ya masu rauni, masu karkataccen baki ko ƙafa, da yawan mutuwar jarirai da raguwar haihuwa. Ba sai an sayi sabo ba, ana iya musanya da wani mai kiwo, amma na nesa, don a unguwa ɗaya inda dabbobi ke cuɗanya yawanci duk dangin juna ne. Mazan da ba a so su yi barbara kuma a dandaƙe su tun suna ƙanana, kafin su kai wata uku ko huɗu, in ba haka ba za su riga wanda aka zaɓa.